Yadda Ake Kallon Anime na Fate Bi da Bi Ba Tare da Ka Ɓata wa Kanka Labari Ba

Duk wanda ya rubuta Fate, sunan wani jerin anime, wato finafinan zane na Japan, a wurin bincike na manhajar kallo zai ga sunaye fiye da goma sun jeru, da yawansu ɗauke da hoton wata yarinya mai sulke da takobi, kuma babu wanda aka rubuta wa na ɗaya balle na biyu. Shi ya sa masu karatu suka yi ta maimaita tambaya guda: da wanne za a fara? Amsar a taƙaice ita ce Unlimited Blade Works, sai Heaven's Feel, sai Fate/Zero. Amma a kowane mataki akwai inda mutane ke tuntuɓe, wasu su yi asarar data, wasu su ji sirrin labarin tun kafin lokacinsa, wasu kuma su kunna abin da bai dace a kunna a falo ba. Ga yadda ake yi daki-daki.

1. Ka fara gane cewa hanyoyi uku ne

Wannan ne matakin da idan aka tsallake shi komai zai rikice. Asalin labarin wasan kwamfuta ne mai suna Fate/stay night, wanda kamfanin Type-Moon na Japan ya fitar a 2004, Kinoko Nasu ya rubuta, Takashi Takeuchi ya zana. Wasa ne na karatu: kana karanta labari da hotuna, lokaci zuwa lokaci a ba ka zaɓi. Labarin yana farawa daga tushe ɗaya a wani gari na ƙirƙira mai suna Fuyuki, sai ya rabu gida uku kamar mararraba, kowace hanya da inda take ɓullewa. Ta farko ita ce Fate, wadda ta fi mai da hankali kan Saber, yarinyar nan mai sulke da takobi. Ta biyu Unlimited Blade Works, inda Rin Tohsaka da Archer suke kan gaba. Ta uku Heaven's Feel, labarin Sakura Matou. Jarumin duka ukun ɗaya ne, wani ɗan makaranta mai suna Shirou Emiya.

Abin lura a nan shi ne, Heaven's Feel ba ci gaban Unlimited Blade Works ba ne. Kwanakin nan ne dai, mutanen nan ne dai, aka sake komawa farko aka ɗauki wata hanya. Wanda ka ga ya mutu a ɗaya za ka gan shi da ransa a ɗayar, kuma ba kuskure ba ne. A cikin wasan an kulle hanyoyin ne, sai ka gama ta farko ta biyu take buɗewa, sai ka gama ta biyu ka samu ta uku, domin kowacce tana ɗora sirri a kan wanda ta baya ta bayyana. Wannan jerin shi ne ma'aunin da za mu bi.

Dokokin yaƙin kaɗan ne, kuma gara ka riƙe su tun yanzu. Masu sihiri bakwai, waɗanda za ka ga an rubuta Master a fassara, kowanne yana kiran ruhun wani jarumi na tarihi ko na almara, shi ne Servant, su yi ta fafatawa a kan wani kofi da ake cewa yana cika buri. Jaruman aji bakwai ne: Saber mai takobi, Archer mai baka, Lancer mai mashi, Rider mahayi, Caster matsafi, Assassin mai kisan mummuƙe, da Berserker wanda aka rage wa hankali aka ƙara wa ƙarfi. Kowane Master yana da jan zane a jikinsa, galibi a bayan hannu, mai kashi uku, kowane kashi umarni ɗaya ne da Servant ba ya iya bijire masa cikin sauƙi. Jaruman suna ɓoye sunayensu na gaskiya, don wanda ya san sunanka ya san lagonka.

Gargaɗi: saboda wannan ɓoye sunan, kada ka kuskura ka nemi wani Servant a Google, musamman Archer. Layin farko na sakamakon zai gaya maka abin da labarin ya tanada sai can cikin zango na biyu na Unlimited Blade Works. Haka sharhin mutane a ƙasan bidiyon YouTube da guntayen faɗa da ake yankowa a TikTok. Ka yi haƙuri da su har ka gama mataki na 7.

2. Lissafin lokaci, data da kuɗi

Kafin ka biya ko sisi, ka san girman abin da za ka kalla. Unlimited Blade Works kashi 26 ne, uku daga ciki ninki biyu ne a tsawo, jimilla wajen awa 11 da rabi. Heaven's Feel fim uku ne, kowanne kusan awa 2, wato awa 6. Fate/Zero kashi 25, wajen awa 10 da rabi. Idan ka haɗa, kusan awa 28 ke nan. Wanda zai ƙara da tsohon shirin 2006 mai kashi 24, wanda za mu yi bayaninsa a mataki na 4, ya ƙara awa 9 da rabi a kai.

Yanzu data. Netflix da kansa ya bayyana cewa ƙaramin inganci yana cin kusan gig 0.3 a awa, matsakaici har gig 0.7, babban inganci kuma yana iya kaiwa gig 3 a awa. Sauran manhajoji ba su yi nisa da wannan ba. To ka ninka da awa 28: ƙaramin inganci wajen gig 8 da rabi, matsakaici kusan gig 20, babba ya haura gig 80. Bambancin ba kaɗan ba ne, kuma yawancin manhajoji idan ka bar su a kan zaɓin kai-tsaye, da zarar sun ji netwok ya yi ƙarfi sai su haye sama ba tare da sun tambaye ka ba. Ka shiga saiti ka tsayar da ingancin da hannunka tun kafin kashi na farko.

Shawarar da ta fi dacewa ita ce a raba datar gwargwadon buƙata. A allon waya 480p ya wadatar ga kashin da hira ta fi yawa, 720p kuma ya isa ga faɗa. Inda bai kamata ka yi rowa ba shi ne Heaven's Feel, don mafi yawansa cikin dare aka zana shi, kuma ƙaramin inganci yana mayar da duhu wasu dunƙule-dunƙulen baƙi da ba ka gane wa ke dukan wa. Ka ware masa mafi kyawun abin da datarka za ta ɗauka.

Game da inda za a kalla, Crunchyroll da Netflix su ne aka fi samun waɗannan shirye-shirye, amma lasisi yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma yana canzawa. Abin da ɗan'uwanka yake gani a Ingila ba lallai ne ya fito maka a Kano ko Maraɗi ba. Saboda haka ka fara duba sunayen ukun ɗaya bayan ɗaya daga ƙasar da kake, sannan ka biya. Finafinan Heaven's Feel sau da yawa ba sa zama wuri ɗaya da shirye-shiryen talabijin ɗin, wani lokaci sai dai a saya ko a yi haya daban, don haka su za ka fara nema. Awa 28 a wata ɗaya kusan awa guda ce a kullum, ke nan kuɗin wata ɗaya na iya isa idan ka tsara.

Gargaɗi uku a nan. Na farko, biyan yana sabunta kansa duk wata, ka kashe sabuntawar ranar da ka biya idan wata ɗaya kake so. Na biyu, ba kowane matakin biya ne ke ba da damar saukewa a waya ba, ka karanta kafin ka zaɓa, domin saukewa da datar dare mai rahusa ita ce babbar hanyar rage kashe kuɗi, kuma abin da ka sauke yana daina buɗewa idan biyanka ya ƙare. Na uku, ka nisanci manhajojin da ake turawa a WhatsApp da Telegram da sunan kallo kyauta. Duk manhajar kallo da ta nemi izinin karanta saƙonninka ko lambobin wayarka, ba kallo ya kawo ta ba, kuma a wayar nan manhajar bankinka take.

3. Zaɓen harshe

Zaɓi biyu ne: muryar Japananci da fassara a ƙasan allo, ko wanda aka ɗora wa muryar Turanci. Ba a fitar da shi a hukumance da Hausa irin yadda aka saba ji a finafinan Indiya ba. Wasu manhajoji suna da fassarar Larabci ko Faransanci a wasu shirye-shiryen, wanda zai yi wa mutanen Nijar da Chadi da Sudan sauƙi, sai a duba alamar harshe a cikin bidiyon.

Wannan labari ne mai yawan magana, ana bayanin dokoki da sauri. Idan karatun Turancinka ba ya sauri, ka ɗauki mai muryar Turanci, ba abin kunya ba ne. Idan ka ɗauki Japananci, ka riƙa tsayar da bidiyo a wurin bayani. Abin da bai kamata ba shi ne sauya harshe a tsakiya, ko kunna muryar Turanci tare da fassarar da aka yi don Japananci, domin kalmomin ba za su zo daidai ba, sai ka rasa wanne za ka bi.

Sunaye ma suna rikita sabon shiga. Japanawa suna fara kiran sunan gida, saboda haka Emiya Shirou da Shirou Emiya mutum ɗaya ne. Rin tana kiransa Emiya-kun, shi kuma yana kiranta Tohsaka, Sakura tana ce masa Senpai saboda yana gabanta a aji. Za ka ga Shirou a wata fassara, Shiro a wata. Duk shi ne.

4. Ka yanke shawara kan hanyar farko

A nan ne masana suka fi saɓani, don hanyar Fate, wadda ita ce ƙofar shiga a wasan, ba ta samu sabon zane irin na sauran biyun ba. Abin da ke akwai shi ne shirin da Studio Deen ya yi a 2006, kashi 24. Zanensa ya tsufa, faɗansa ba ya motsi kamar na baya-bayan nan, kuma babbar matsalarsa ita ce ya ɗebo wasu abubuwa daga sauran hanyoyi biyun ya cusa a tsakiya, har ya ɗan buɗe sirrin da na Heaven's Feel ne. Duk da haka shi kaɗai ne shirin da ya ba Saber haƙƙinta, ya nuna abin da take nema da dalilinta.

Idan kana da kwamfuta ko Nintendo Switch, mafi kyau ka karanta hanyar Fate a wasan kansa. A watan Agusta na 2024 aka fitar da Fate/stay night Remastered a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, da Switch, karon farko da fassarar Turanci ta hukuma, a kan kusan dala 30 lokacin fitowarsa. Ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfi tunda rubutu ne da hotuna da murya. An gina shi a kan sigar Réalta Nua, wadda aka cire wa wuraren batsa da ke cikin na 2004, don haka kada ka je neman tsohon. Yadda za ka yi: ka sa harshe a Turanci, ka karanta gabatarwar da Rin ke ba da labari, sannan ka shiga hanyar Fate. Duk lokacin da zaɓi ya bayyana, ka adana wasan a sabon gurbi kafin ka taɓa komai. Akwai mummunan ƙarshe 40 a wasan gaba ɗaya, kuma wasunsu sakamakon zaɓin da ka yi ne tun kwanaki baya a labarin, shi ya sa adanawa a gurbi ɗaya tak kan jefa mutum cikin rami. Idan ka mutu, kada ka tsallake ɗan darasin barkwanci da ke biyo baya mai suna Tiger Dojo, a nan ake nuna maka inda ka kauce. Ka sa rai da karatu mai tsawo, na kwanaki da yawa.

Idan waya kaɗai gare ka, ka wuce mataki na 5 kai tsaye, ka ajiye shirin 2006 sai bayan Heaven's Feel. A ganina wannan ya fi, domin Unlimited Blade Works yana bayanin dokokin da kyau ga wanda bai san komai ba, kuma mutane da yawa da suka fara da na 2006 sun gaji a tsakiya sun bar Fate ɗungurungum. Akwai sigar wasan ta waya, amma da Japananci take.

5. Unlimited Blade Works

Abu na farko, ka tabbatar da wanda ka buɗe. Abubuwa biyu ne ke ɗauke da wannan suna: fim na Studio Deen na 2010, wanda bai kai awa 2 ba, da shirin talabijin na kamfanin ufotable na 2014 zuwa 2015. Na biyun kake nema. Fim ɗin ya matse doguwar hanya cikin ɗan lokaci, yana tsalle daga faɗa zuwa faɗa, ga wanda bai san labarin ba babu abin da zai tsinta sai sirrin da aka zubar masa. Idan ka ga abu ɗaya tilo maimakon jerin kashi-kashi, ka rufe.

Abu na biyu, lissafin yana farawa ne daga kashi na 0, ba na 1 ba. Zango na farko daga 0 zuwa 12, na biyu daga 13 zuwa 25. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Wasu suna ɗaukar kashi na 0 talla ne su tsallake, alhali nan ne aka nuna yadda Rin ta kira Archer, aka shimfiɗa dokokin yaƙin, kuma tsawonsa ya kai minti 45 zuwa sama. Wasu kuma suna kallon na 0, su shiga na 1 su ga kamar ana maimaita kwanakin, sai su wuce. Kwanakin ne dai, amma wannan karon ta idon Shirou, kuma abin da ya gani Rin ba ta gani ba. Duka biyun wajibi ne. A wasu manhajojin ana lissafa kashi na 0 a matsayin na 1, sai lambobin su gusa da ɗaya, don haka ka ƙirga: idan jimillar ba ta kai 26 ba, akwai abin da ya ɓace.

Kashi na 12 ma dogo ne, kuma yana tsayawa a wuri mai tayar da hankali, gara ka sauke na 13 tun kafin ka fara shi. Daga wajen tsakiyar zango na biyu faɗa yana raguwa, muhawara tana ƙaruwa tsakanin Shirou da Archer kan ko mutum zai iya rayuwa don ceton kowa. Kada ka riƙa jan bidiyo gaba a nan. Wannan muhawarar ita ce zuciyar hanyar, faɗan da ke biyo baya ba shi da nauyi idan ba ka saurare ta ba. Kashi na 25 babu yaƙi a cikinsa, rufewa ce, amma a kalle shi. Akwai kuma wani ɗan gajeren ƙari mai suna sunny day, wanda ke nuna ɗaya ƙarshen da wasan ke da shi. Sai bayan kashi na 25 ake kallonsa, kuma ba dole ba ne.

6. Heaven's Feel

Finafinai uku ne na ufotable, a jere: presage flower na 2017, lost butterfly na 2019, spring song na 2020. Lambobin Romawa ne a jikin sunayen, I da II da III, ka duba da kyau don hotunan bangonsu suna kama da juna.

Fim na farko yana ɗauka cewa ka riga ka san farkon labarin. Kiran Saber da faɗan daren farko, waɗanda suka ci fiye da kashi guda a mataki na 5, a nan an wuce su cikin 'yan mintuna tare da kiɗa, babu bayani. Shi ya sa wanda ya fara da wannan fim yake cewa bai fahimci komai ba. Laifin jeri ne. Ka kuma cire rai da ganin abubuwa sun tafi yadda ka sani: tun da wuri wani abu yake shigowa yaƙin wanda babu shi a sauran hanyoyin, jaruman da ka saba da su wasu su fita da wuri, waɗanda aka yi watsi da su a baya kamar Rider su fito fili.

Gargaɗi mai muhimmanci: wannan ba kallon yara ba ne, kuma ba na zaman falo da iyali ba ne. Akwai jini sosai, akwai labarin cin zarafin yarinya a cikin gida wanda shi ne ginshiƙin hanyar, fim na biyu kuma yana da wurin kusantar namiji da mace. Kasancewarsa zane yana yaudarar iyaye su miƙa wa yaro waya. Wanda irin wannan batu yake tayar masa da wani tsohon ciwo ya san da shi tun kafin ya kunna. Ka kalla kai kaɗai, da abin ji a kunne, ka ƙara hasken allo, kuma idan da hali ka ba kowane fim darensa, don awa 6 a jere na wannan labarin yana da nauyi.

7. Fate/Zero, sai yanzu

Sunan ne ke jan mutane su fara da shi, ga shi kuma labarinsa ya faru shekara 10 kafin na Shirou. Amma an rubuta shi ne bayan wasan, Gen Urobuchi ya fitar da shi a matsayin littafi tsakanin 2006 da 2007, ufotable ya mayar da shi anime a 2011 zuwa 2012, kuma an rubuta shi ne don mutanen da suka gama hanyoyi ukun. Tun a kashi na farko yake faɗin abubuwan da Heaven's Feel ya ɓoye har tsakiyarsa: alaƙar wasu yara biyu, abin da ke faruwa a gidan Matou, iyayen wata yarinya. Zuwa ƙarshensa ya gama fallasa gaskiyar kofin da kuma halin wani mutum da ya kamata ka yi ta shakka a kansa. Wanda ya ce maka ai na Shirou ma yana faɗin ƙarshen Zero, gaskiya ne, amma da gangan ne. Daɗin Zero yana cikin sanin cewa gobara na jiran kowa a ƙarshe, kana kallon yadda manya masu wayo suke takawa zuwa gare ta.

Kashi 25 ne, 13 a zango na farko, 12 a na biyu. Kashi na 1 ninki biyu ne kuma kusan duk magana ce, ana gabatar da gidajen Einzbern da Tohsaka da Matou da sauran masu shiga yaƙin. Ga wanda ya bi jerin nan, kowace fuska tana da ma'ana. Ka tuna cewa sunayen aji ne ake maimaitawa, ba mutanen ba: Lancer na nan ba shi ne Lancer da ka sani ba, haka Rider da Caster da Berserker. Saber ce dai ta dawo, a hannun Kiritsugu, mutumin da ya riƙi Shirou. Kashi na 18 da 19 suna barin yaƙin su koma ƙuruciyar Kiritsugu, wasu na tsallake su don a koma faɗa, to ba tare da su ba ƙarshen shirin ba zai zauna maka ba.

Gargaɗi: Caster na wannan shirin da ubangidansa masu kisan yara ne, kuma ana fara nuna hakan tun kashi na 2. Dokar mataki na 6 tana aiki a nan ma.

Wanda ya ajiye shirin 2006, yanzu ne lokacinsa, ko kuma tsakanin mataki na 6 da wannan.

8. Rassan da ke gefe

Daga nan babu tilas. Lord El-Melloi II's Case Files na 2019, kashi 13, yana bin Waver Velvet, Master ɗin Rider a Zero, bayan ya girma, don haka sai bayan Zero. Today's Menu for the Emiya Family gajerun kashi 13 ne na girki da zaman lafiya, ya dace a huta da shi bayan nauyin da aka sha. Fate/Apocrypha na 2017, kashi 25, wata duniya ce daban a ƙasar Romaniya, jarumai 14 a ɓangare biyu, ja da baƙi. Fate/Extra Last Encore na 2018 yana da wuyar bi ga wanda bai buga wasan Fate/Extra ba, a bar shi can ƙarshe. Prisma Illya kuwa ban ba kowa shawarar kallonsa ba, saboda yadda yake nuna ƙananan yara mata.

9. Grand Order, idan za ka shiga

Wannan reshen daga wasan waya ya fito, wanda aka ƙaddamar a Japan a 2015, sigar Turanci a 2017. Jerin fitowarsa ya saɓa da jerin labarinsa, shi ya sa ake rikicewa. Ka bi na labari: First Order na 2016, sai finafinan Camelot guda biyu na 2020 da 2021, sai Babylonia na 2019 zuwa 2020 mai kashi 21 da kashi na 0, sai fim ɗin Solomon na 2021. Camelot babi na shida ne a wasan, Babylonia na bakwai, ko da yake Babylonia ya riga fitowa. Babi na ɗaya zuwa na biyar ba a yi musu cikakken anime ba, saboda haka tsakanin First Order da Camelot akwai giɓi babba, za ka tarar da mutanen da aka saba da su ba tare da an gabatar maka da su ba. Wasan ne ke cike wannan giɓin.

Akwai abin da ya kamata mai karatu Musulmi ya sani kafin ya buɗe wannan reshen. Labarin ya zana wani mutum da sunan Solomon, wato sunan Annabi Sulaiman, alaihis salam, ya ba shi siffa da rawar da marubutan suka ƙirƙira, Babylonia kuma cike yake da allolin tsohuwar Mesofotamiya suna magana suna yaƙi. Wanda ba ya kallon abin da ya siffanta annabawa ya tsaya a mataki na 8, babu abin da zai rage masa daga ainihin labarin Fuyuki.

Wanda zai buga wasan, saukewa kyauta ce, amma ana samun jarumai ne ta hanyar ƙuri'a da wasu duwatsu masu suna Saint Quartz, uku a kowane ja, kuma damar samun jarumi mai tauraro biyar kashi 1 ce cikin 100. Ana sayar da duwatsun da kuɗin gaske, nan ne aljihu ke zubewa. Ba ka buƙatar saya don bin labarin: jarumai masu tauraro ɗaya zuwa uku idan aka ɗaga su sosai suna kai mutum nesa, kuma a kowane faɗa ana ba ka damar aron jarumi mai ƙarfi daga wani ɗan wasa. Ka cire katin bankinka daga Play Store ko ka sa a riƙa neman kalmar sirri kafin kowane biya, musamman idan yara suna taɓa wayar. Idan wasan bai fito maka a Play Store na ƙasarka ba, kada ka ɗauko shi daga shafin da ba ka sani ba. Idan kuma ya fito ka fara, ka shiga sashen My Room na wasan a ranar farko ka fitar da lambar canja waya tare da kalmar sirrinta, ka rubuta su a takarda ka ajiye, domin idan wayar ta ɓace ko ta lalace da su ne za ka dawo da asusunka a sabuwa.